Daga Tatata Zuwa Surutu: Tambayoyin Iyaye Kan Girman Yaro Daga Shekara 1 Zuwa 3

Tsakanin shekara 1 da shekara 3 jariri yake rikiɗewa ya zama ɗan mutum mai ra'ayin kansa: ya miƙe, ya taka, ya kira sunan abu, ya dubi idonki ya ce "a'a". A daidai nan kuma hankalin iyaye ya fi tashi, domin kowa da ma'aunin da zai kawo miki, daga kakar yaro har maƙwabciya. Na tattara tambayoyin da na fi ji a bakin iyaye 'yan'uwana, da waɗanda suka hana ni barci lokacin da nake rainon nawa. Uwa ce ke amsawa, kuma da uwa nake magana, amma baban yara ma da shi ake. Inda magana ta zama ta likita zan faɗa a fili.

Ɗana ya cika shekara bai fara tafiya ba, ɗan maƙwabciyata kuwa tun yana wata 10 yake yawo. Akwai matsala?

Yawanci babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman lafiyayyun yara sama da 800 a ƙasashe 5, wato Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Wasunsu sun taka su kaɗai tun suna wata 8 da 'yan kwanaki, wasu kuwa sai da suka doshi wata 18. Tsaka-tsakin shi ne wajen wata 12. Kin ga ke nan tsakanin mai sauri da mai nawa akwai tazarar wata 9 da wani abu, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

Ki bar ɗan maƙwabciya, ki auna ɗanki na yau da ɗanki na watan jiya. Yana kama kujera ya miƙe? Yana bin gefen gado yana dafawa? Yana sakin hannu ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne? In haka ne, tafiya na hanya. Ina tuna yadda 'yata ta fara: ta saki gefen kujera, ta ware ƙafafu, ta ɗaga hannaye sama, ta yi 'yan taku tana tangaɗi, sai ta zube daɓas a kan gindinta. Ba ta yi kuka nan take ba. Fuskata ta fara kallo, tana neman sanin ko abin da ya faru na kuka ne. Da na tafa mata sai ta washe baki ta sake kama kujerar. Yara a wannan shekarun daga fuskar uwa suke karanta hatsari, don haka salatin da muke rafkawa da ƙarfi duk lokacin da suka faɗi yakan fi faɗuwar kanta tsorata su.

Amma akwai iyaka. In ya kai wata 18 bai taka shi kaɗai ba, ko jikinsa ya cika sanƙarewa ko laushi, ko kuwa gefe ɗaya kawai yake amfani da shi yana jan ɗayan, a kai shi likita ya duba.

Bai yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa. Hakan zai cutar da shi?

A'a. A wancan binciken, kimanin yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba ko kaɗan. Wasu jan gindi suke yi, wasu jan ciki. Masu jan gindi sukan ɗan makara wajen tafiya, daga baya su kamo sa'o'insu.

In saya masa keken koyon tafiya?

Irin wanda ake zaunar da yaro a ciki yana zarya a kan tayoyi, ban ba ki shawara ba. Ba ya sa a yi tafiya da wuri, yana kuma kai yaro bakin matakala da wurin wuta da ruwan zafi da saurin da hannunki ba zai cim masa ba. Saboda yawan raunukan da yake jawowa ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Fili mai tsabta a ƙasa da abin dafawa mai ƙarfi sun wadatar. A cikin ɗaki ki bar shi ba takalmi, yatsun ƙafarsa su riƙa kama ƙasa.

Ƙafafunsa sun lanƙwashe. Za su miƙe?

Ƙafar baka a yaron da bai kai shekara 2 ba abu ne da aka saba gani, kuma takan miƙe da kanta. Wajen shekara 3 zuwa 4 ma yara da yawa sukan ɗan yi gwame kafin ƙafar ta daidaita. Abin da ke buƙatar likita shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa bayan shekara 2, ko ta ƙafa ɗaya, ko wadda ta zo da ciwo, ɗingishi, ko kumburin wuyan hannu, domin ƙarancin bitamin D da sinadarin kalsiyam na sa ƙashi ya yi laushi.

Kalma nawa ya kamata ya iya, kuma yaushe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun iyaye, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A 2022 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, CDC, tare da Ƙungiyar Likitocin Yara ta ƙasar, sun sabunta jadawalinsu ta yadda kowane mataki ya zama abin da aƙalla yara 75 cikin 100 suke yi a wannan shekarun. A wata 15 yaro yana ƙoƙarin faɗin kalma 1 ko 2 ban da "mama" da "baba". A wata 18, kalmomi 3 ko fiye. A shekara 2 yana haɗa kalmomi biyu, irin su "ba ni" ko "baba tafi". A wata 30, kimanin kalmomi 50. A shekara 3 kuwa ana ɗan yin hira da shi, ki faɗa ya mayar, ki sake ya sake.

Ba sai ya furta kalma daidai ake ƙirga ta ba. In kullum "wuwa" yake ce wa ruwa, kalma ce. In yana nuna mota ya ce "fiif", ita ma kalma ce. Gwarancin da yake yi da hawa da saukar murya kamar mai ba da labari, shi ma aiki ne babba, domin karin harshe yake koyo kafin kalmomin su iso.

Akwai abubuwa biyu da na fi ba muhimmanci a kan yawan kalmomi. Na farko fahimta: ki ce "ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ba, ki ga ko zai je. Fahimta takan riga furuci nesa ba kusa ba. Na biyu nuni da yatsa. Yaron da ya ga jirgi a sama ya nuna, sannan ya waiwayo ya dubi fuskarki don ya tabbatar kin gani, ya riga ya riƙe ginshiƙin magana, wato son ya raba abin da ke ransa da wani. Ana sa ran wannan zuwa wata 18.

Abin da ke buɗe baki kuwa ba ya buƙatar kuɗi. Ki riƙa faɗin abin da kike yi yayin wanka da sa tufafi. In ya ce "mota", ki ce "eh, jar mota ta wuce". Ki yi tambaya, sannan ki yi shiru ki ba shi lokaci ya amsa. Wannan jiran yana da wuya, domin mu iyaye mun saba da biya wa yaro buƙata kafin ya buɗe baki.

Ana ce mini in ƙyale shi, wai maza ba sa magana da wuri, ubansa ma haka ya yi. In jira?

Gaskiya ne a jimlace 'yan mata sukan ɗan riga maza, amma tazarar ƙarama ce, ba ta kai ta zama uzuri ga ɗan shekara 2 da ba ya cewa komai ba. Gaskiya ne kuma jinkirin magana yakan bi dangi, sai dai wannan dalili ne na a duba shi da wuri. Yara da yawa masu jinkiri suna kamowa da kansu, amma ba mai iya gane wanda zai kamo da wanda ba zai kamo ba ta hanyar kallo kawai. Matakin farko shi ne gwajin ji. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura ko ciwon kunne yana dusashe sauti na makonni ko watanni ba tare da wani ciwo ba, sai a ga yaro yana jin ƙarar ƙofa amma ba ya rarrabe kalmomi. In aka duba aka ga lafiya, kin sami kwanciyar hankali. In aka sami wani abu, kin ceto masa watanni masu daraja.

Harsuna biyu muke yi a gida. Shi ya rikita shi?

Ba ya rikita yaro, ba ya kuma jawo jinkiri. Ki haɗa kalmominsa na duka harsunan ki ƙirga su tare. Cakuɗa su da yake yi a jimla ɗaya zai warware da kansa.

Ya fara in'ina bayan da yana magana sumul. Me ya faru?

Tsakanin shekara 2 da 5 tunani yakan riga harshe gudu, sai yaro ya riƙa maimaita farkon kalma. Mafi yawansu suna wucewa. Kada a kwaikwaye shi, kada a ƙarasa masa jimla, kada yayyensa su yi masa dariya. In abin ya wuce wata 6, ko yana yamutsa fuska yana kokawa da kalma, ko ya fara gudun magana, a nemi masanin gyaran magana.

Abu kaɗan sai ya faɗi ƙasa yana birgima da ihu. Na sangarta shi ne?

Birgima a wannan shekarun ba shaidar rashin tarbiyya ba ce. Yaro ya gano yana da abin da yake so, amma kalmominsa ba su isa su bayyana shi ba, hannunsa bai ƙware ba, sannan sashen gaban ƙwaƙwalwa mai danne fushi da jiran lokaci shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Kina neman haƙuri ke nan a wurin wanda ba a gama gina masa wurin ajiye shi ba.

In kin lura za ki ga yawancin rigimar tana da lokaci: gab da cin abinci, gab da barci, ko lokacin da aka fizge shi daga wasa ba sanarwa. Na ga ɗana ya kwanta yana kuka har da shessheka don kawai na riga shi buɗe ƙofa, alhali shi ya so ya murɗa hannun ƙofar. A wurina ba komai ba ne, a wurinsa kuwa aikin da ya ɗaura wa niyya ne aka ƙwace. Tun daga nan nake barin masa ƙananan ayyuka, ina kuma ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duka na yarda da su: "Wannan rigar ko waccan?" Kafin a tashi daga wasa sai in ce, "Saura kaɗan mu je wanka."

In rigimar ta riga ta ɓarke, dogon bayani ba ya shiga. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa, ki sassauta murya, ki faɗi abin da yake ji: "Ka ji haushi, ka so ka buɗe da kanka." Abu ɗaya ne kada ki yi, wato ba shi abin da kika hana don ya yi shiru, domin gobe zai ƙara wa ihun ƙarfi. Da ya huce ki rungume shi, a wuce wurin.

Batun duka kuwa, ra'ayina a fili yake: ba na goyon bayansa ga ɗan shekara 2. Yana iya tsayar da abu na minti ɗaya, amma darasin da yaro ke ɗauka shi ne mai ƙarfi yana bugun marar ƙarfi in ya fusata. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ma a 2018 ta ja hankalin iyaye su bar shi, bisa hujjar cewa yana ƙara wa yara faɗa. In ya yi cizo ko ya mari wani, ki riƙe hannunsa, ki dube shi ki ce, "Ba a cizo, da zafi," ki janye shi daga wurin, ki fara lallashin wanda aka ciza. Za ki maimaita har ki gaji, haka koyon yake.

Yakan yi kuka har ya shiɗe, leɓensa ya canza launi. Me zan yi?

Abin akwai firgitarwa, amma ba da gangan yake yi ba, kuma yawanci numfashin yana dawowa da kansa kafin minti ɗaya. Ki kwantar da shi a gefensa, kada ki jijjiga shi, kada ki sheƙa masa ruwa, kada ki sa komai a bakinsa. Karon farko a kai shi likita, don a tabbatar ba farfaɗiya ko matsalar zuciya ba ce, a kuma gwada jininsa, tunda ƙarancin sinadarin ayon mai gina jini yana da alaƙa da shiɗewa. In ya wuce minti ɗaya bai farfaɗo ba, asibiti nan take.

Da yana cin komai, yanzu sai ya kau da kai. Ba zai rame ba?

A shekarar farko nauyin jariri yakan ninka na haihuwa sau 3. A shekara ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa, don haka dole cin ya ragu. Ga kuma ƙyamar sabon abinci da ke zuwa a wannan lokacin, har yakan ɗauki tayi 10 zuwa 15 kafin yaro ya karɓi ɗanɗanon da bai sani ba. Ke ce mai zaɓar abin da za a ci da lokacin ci, shi kuma a bar masa yawan da zai ci. Ɗura da bin sa da cokali ɗaki-ɗaki suna mayar da abinci fagen daga. Ki zuba kaɗan, ku ci tare, ki bar shi ya ɗiba da hannunsa ko da zai ɓata jiki. Ki lura da madara da kayan zaƙi tsakanin abinci, su ne ke toshe ciki. Ki auna cinsa na mako guda, kada ki yanke hukunci da na yini ɗaya, katin awonsa kuma shi ne alƙali. In nauyi ya tsaya cak ko yana raguwa, a ga ma'aikacin lafiya. Nono kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Barcin awa nawa yake buƙata?

Awa 11 zuwa 14 cikin awa 24 ga ɗan shekara 1 zuwa 2, har da na rana, sannan awa 10 zuwa 13 daga shekara 3. Wajen wata 18 yawancinsu sun koma barcin rana sau ɗaya. Abin da ya fi taimako shi ne jeri ɗaya kowane dare: wanka, rage haske, ɗan labari, kwanciya. In ya tashi cikin dare yana ihu ido buɗe bai gane ki ba, kada ki tashe shi da ƙarfi, ki tsare shi har ya koma, da safe ba zai tuna ba. Minshari mai ƙarfi kowane dare kuwa a faɗa wa likita.

Waya ce kaɗai ke sa shi shiru. Laifi ne?

Na san gajiyar da ke sa uwa ta miƙa waya, ba zan ga laifin kowa ba. Sai dai ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 1 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in an rage ya fi. Ta kuma ce yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a warwatse cikin yini. Allo yana magana amma ba ya jiran amsa, yaro kuwa da amsa-amsa yake koyon harshe. In za a kalla, ku kalla tare kina yi masa bayani, a kuma raba waya da lokacin abinci da na barci.

Yaushe zan raba shi da famfas?

Lokacin da jikinsa ya nuna, galibi tsakanin wata 18 da shekara 3. Alamun su ne ya yi awa 2 a bushe, ya riƙa laɓewa ko faɗa in zai yi bayan gida, ya iya sauke wando, ya bi ƙaramin umarni. Ki ɗora shi a fo bayan cin abinci na 'yan mintuna, ki yabe shi in ya yi, ki share ba faɗa in ya kuskure. Tsawa tana sa yaro ya riƙe kashi, ya bushe, fitarsa ta yi zafi, ya ƙara riƙewa. Fitsarin kwance daban yake, kafin shekara 5 ba a ɗaukarsa matsala. In an yi masa ƙane ko an sauya gida ya koma baya, ki ba shi lokaci.

Haƙori ne ke sa shi zawo da zazzaɓi?

Haƙoran yarinta 20 ne, sukan cika wajen shekara 3. Fitowarsu tana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da ƙananan rigima. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko zawo mai yawa kuwa ciwo ne daban, kada a jingina shi ga haƙori a zauna. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi a duba.

Ba ya ba kowa kayan wasansa, ga ƙiwa. Haka zai tashi?

Wajen wata 18 zuwa 24 yaro yake fara gane kansa a madubi, daga nan "nawa ne" take shiga bakinsa. Rowar tasa ta sabon sanin kai ce. 'Yan shekara 2 sukan yi wasa gefe da gefe, kowa da nasa, wasan haɗin gwiwa sai daga shekara 3 zuwa sama. Ki koya masa karɓa-karɓa: "Kai yanzu, sai ita." Ƙiwa kuma alama ce ta ya san nasa. In za ki fita ki yi masa sallama ki ce za ki dawo, kada ki sulale, domin sulalewa ce ke sa ya riƙa manne miki ko'ina.

Bakwaini ne. Da wane lissafi zan auna shi?

Ki cire makonnin da ya rage bai cika a ciki ba. Wanda aka haifa saura wata 2, in ya kai wata 14 ki auna shi da ɗan wata 12. Ana yin wannan gyaran har shekara 2.

Waɗanne alamu ne ba a jira a kansu?

Babbar cikinsu ita ce koma baya: yaron da yake faɗin kalmomi ya daina, ko yake tafiya ya kasa, ko yake kallon ido yana murmushi ya bari. Wannan ko a wane wata ya faru, likita ne kai tsaye. Sai wanda ba ya waiwayowa in an kira sunansa bayan ya cika shekara, ba ya nuni da yatsa kuma ba shi da kalma ko ɗaya a wata 18, ba ya haɗa kalmomi biyu ko kwaikwayon abin da ake yi a gida a shekara 2. Haka wanda ba ya haɗa ido, ba ya kawo miki abu don ki gani, yana maimaita motsi ɗaya na dogon lokaci, ƙaramin sauyi kuma yana tayar masa da hankali matuƙa. Waɗannan na iya zama alamun larurar otizim, wadda ake kira galahanga, shi ya sa likitocin yara a Amurka suke tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Alama ɗaya ba hukunci ba ce, kuma ba laifin tarbiyyarki ba ne. Amfanin ganowa da wuri shi ne a fara taimakon magana da mu'amala tun ƙwaƙwalwa tana kan saurin ginuwa.

In na je wurin likita, me zan faɗa? Yaron yakan yi shiru a gaban baƙo.

Ki tafi da katin awonsa da na rigakafi. Ki rubuta kalmomin da yake faɗa yadda yake furta su, da watan da ya zauna, ya tsaya, ya taka, gwargwadon abin da kika tuna. Ki ɗauki gajeren bidiyo a gida na abin da ke damunki, ko tafiyar ce, ko yadda kike kiransa ba ya juyowa. Maimakon "ba ya magana", ki ce "wata 22 gare shi, kalmominsa 4, yana gane umarni amma ba ya nuni". In an ce ki jira, ki tambaya har zuwa yaushe, da abin da za ki lura da shi kafin nan, ki kuma nemi a rubuta miki ranar dawowa. In hankalinki bai kwanta ba, kina da damar neman a tura ku gwajin ji ko wurin likitan yara.